Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Ina Ake Samo Juriyar Rage Ƙiba Mai Yawa?

Saƙonni a kan ƙiba sun taru da yawa a 'yan makonnin nan, kuma abin da na lura da shi shi ne, ƙalilan ne suka tambaye ni abin da za su ci ko abin da za su bari, domin yawancin masu rubutowa sun riga sun san wannan. Abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya shi ne yadda za su daure su ɗore a kai. Na zaɓi saƙonni shida, na cire sunayen masu su, na kuma taƙaita waɗanda suka yi tsawo.

TAMBAYA, daga wata uwa a Kano: Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 38, 'ya'yana biyar, tsawona mita 1.62, nauyina kilo 118. Na fara ƙoƙarin rage ƙiba ya fi sau goma. Kullum da zafi nake farawa, in daina cin tuwo da shinkafa gaba ɗaya, in rage kilo 4 ko 5, amma kafin wata ya cika sai yunwa ta ci ƙarfina, in koma gidan jiya, har in ɗara yadda nake a da. Na fara ganin ni ce ba ni da zuciya. Ta yaya zan samu ƙarfin halin rage kilo 50?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ina so ki fara sauke wannan laifi da kika ɗora wa kanki, domin macen da ta faɗi ta tashi ta sake farawa har sau goma ba a kiran ta marar zuciya. Abin da ke kayar da ke a mako na uku ko na huɗu sananne ne a likitance, kuma an auna shi. A shekarar 2011 wasu likitoci a birnin Melbon na ƙasar Ostareliya sun wallafa binciken da suka yi a kan mutum 50 masu ƙiba, waɗanda aka taƙaita wa abinci ƙwarai na tsawon mako 10, suka rage kimanin kilo 13 a matsakaicin lissafi. Da aka auna jininsu sai aka tarar sinadarin girelin, wanda ciki ke fitarwa don ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa ana jin yunwa, ya ƙaru, shi kuma leftin, wanda kitsen jiki ke fitarwa don ya sanar da cewa akwai isasshiyar ajiya, ya ragu. Bayan shekara guda cur waɗannan sinadarai ba su koma yadda suke ba, mutanen kuma sun ci gaba da jin yunwa fiye da kafin su fara. Jiki yana ɗaukar ramewa tamkar fari ne ya shigo, sai ya tashi tsaye ya kare rumbunsa, ya ƙara wa mai shi yunwa, ya kuma rage yawan abin da yake ƙonawa. To, idan kika haramta wa kanki tuwo da shinkafa rana ɗaya, alhali ke ce ke tuƙa tuwon ki kwashe wa mutanen gida kowane dare, kin shiga kokawar da za ki riƙa yi sau uku a yini har abada, kuma babu ɗan Adam ɗin da ke da juriyar wannan.

Ƙarfin zuciya abu ne mai hawa da sauka. Da safe yana nan cike, amma bayan la'asar, lokacin da gajiya ta taru, yara suka dawo daga Islamiyya, tukunya na kan wuta, sai ki neme shi ki rasa. Saboda haka dabarar ita ce ki yi amfani da shi a lokacin da yake nan, ki tsara gidanki da kwanonki ta yadda ba za ki buƙace shi sosai ba a lokacin da ya tafi. Kada ki daina cin tuwo, ki rage malmalarki ta koma kamar dunƙulen hannunki, ki cike gurbin da miyar ganye mai yawa, kuka ko kuɓewa ko alayyafo ko zogale, da wake ko kifi ko ƙwai gwargwadon hali. Ki riƙa auna man girki da cokali maimakon tsiyayawa daga kwalba, domin babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, kusan 120, kuma a mai ne ƙiba ta fi ɓuya a girkinmu. Ki zuba naki abincin a kwanonki tun farko, ki rufe tukunya, kada ki koma mata. Akwai kuma wani abu da iyaye mata da yawa ba sa lissafawa da shi, wato ragowar abincin yara da ƙanzon tukunya da ake cinyewa don gudun almubazzaranci. Niyyar tana da kyau, amma maganin almubazzaranci shi ne a rage abin da ake zuba wa yaran, ko a rufe ragowar a ɗumama da safe. Idan fita tana miki wuya, ki zaga tsakar gida na minti 10 bayan kowane cin abinci, kin ga kin haɗa minti 30 a yini ba tare da kin taka ƙofar gida ba.

Game da kilo 50 kuwa, ki ajiye wannan adadi a gefe tukuna. Gaskiya ne ma'aunin ƙibarki, wanda ake samu idan aka raba nauyi da tsawo, aka kuma sake raba sakamakon da tsawon, ya kai 45, alhali daga 30 ake cewa mutum ya shiga ƙiba mai cutarwa, don haka tafiyar da nisa. Amma amfanin yana fara zuwa tun a zangon farko. Wani babban bincike da aka yi a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, wanda aka wallafa a 2002, ya nuna cewa waɗanda aka ɗora a kan burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da yin motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon ya ragu da kashi 58 cikin 100. A wurinki kashi 7 kilo 8 ne kacal. Ki sa burinki na farko ya zama kilo 6 zuwa 12 cikin wata shida, wato kimanin kwatan kilo zuwa rabin kilo a mako. Idan kin isa nan, sai a sake zama a sa wani zangon.

Ki nemi dalilin da yake naki ne na ƙashin kanki. Mai rage ƙiba don bikin da za a yi bayan wata biyu, ranar da aka watse daga bikin dalilinta ya ƙare. Mai son ta yi sujada ta tashi ba tare da dafa bango ba, ko ta yi ɗawafi da ƙafarta idan Allah Ya kira ta, ko ta ga auren autarta da lafiyarta, tana da abin da za ta tuna a daren da zuciya ta raunana. Kuma ki sani tun yanzu cewa za ki yi tuntuɓe, za a yi suna ko biki ki ci fiye da kima. Masu bincike a Landan da suka bi diddigin yadda sabon hali ke zama jiki, a rahotonsu na 2010, sun ga cewa yakan ɗauki kimanin kwana 66 a tsaka-tsaki, a wasu mutanen ma ya haura wata takwas, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe aikin ba. Abin da ke rushe shi shi ne mutum ya ce tunda na ɓata yau bari in bari sai sabon wata. Idan kin zarce da rana, ki dawo kan tsarinki da daddare. Ki kuma je asibiti a auna miki hawan jini da suga, ki faɗa wa likita duk maganin da kike sha ko allurar da ake miki, har da ta tazarar haihuwa, domin wasunsu na ƙara wa wasu mata nauyi, kuma akwai waɗanda za a iya canza miki da su.

TAMBAYA, daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari: Likita, shekarata 52, an gano ina da ciwon suga shekara biyu da suka wuce, ina shan metfomin. Nauyina ya kai kilo 104, na dage na rage 7. Tun daga nan duk wanda ya gan ni sai ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa?" Har na ji ana raɗe-raɗin ko wata muguwar cuta ce, ko kuma karayar arziki. Gwiwata ta yi sanyi, na koma shan lemona kwalba uku a yini tare da baƙi. Me zan yi?

AMSA: Alhaji, wannan matsala ta gaske ce, kuma ban ɗauke ta ƙarama ba. Mun tashi a cikin al'ummar da ke kallon tumbi a matsayin shaidar wadata, rama kuwa alamar ciwo ko talauci, kuma ga ɗan kasuwa maganar karayar arziki tana iya taɓa amanar da ke tsakaninsa da abokan hulɗa. Shawarata ita ce ka riga su magana. Wanda ya ce maka lafiya kuwa, ka amsa masa kai tsaye cewa lafiya lau, likita ne ya sa ka rage nauyi saboda suga, kuma da gangan kake yi. Raɗe-raɗi a cikin shiru yake girma, kuma za ka yi mamakin yawan waɗanda za su matso su ce maka su ma suna da sugan ko hawan jini, suna ɓoyewa ne. A cikinsu ka nemi mutum ɗaya da za ku riƙa tattaki tare bayan sallar asuba ko bayan an tashi kasuwa, domin ranar da ka ji kasala, kunyar barin sa yana jiran ka za ta fitar da kai.

Abu ɗaya nake so ka tabbatar da shi tukuna. Idan ramar ta zo ne tare da yawan ƙishirwa, yawan fitsari da kasala, ba tare da ka rage cin abinci sosai ba, to wannan alama ce ta sugan ya hau, kuma asibiti za ka nufa a auna. Idan kuwa da ƙoƙarinka ka rage, to ka kama hanyar da ke da babbar riba. A wani bincike da aka yi a Sikotilan da arewacin Ingila, wanda aka wallafa a ƙarshen 2017, an ɗauki mutum kusan 300 da ciwon sugansu bai wuce shekara shida ba, aka sa rabinsu a kan tsarin rage nauyi a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Bayan shekara guda, kashi 46 cikin 100 na waɗanda suka bi tsarin sugansu ya sauka ƙasa da matakin ciwo ba tare da magani ba, a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa adadin ya kai kashi 86. Ciwon lafawa yake yi, yana kuma dawowa idan nauyin ya dawo, sannan ba a ajiye magani sai da umarnin likitan da ke duba ka. Amma shekararka biyu kacal da ciwon, kuma ka riga ka ci kusan rabin wannan tafiya.

Yanzu mu yi lissafin lemon, tunda kai mutumin lissafi ne. Kwalbar lemo baƙi mai rabin lita tana ɗauke da suga kimanin giram 53, wato kusan ƙaramin cokali 13. Kwalba uku sun kai giram 160, sun kuma haura kalori 600 a yini, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada sugan da babban mutum ke sha ya wuce kimanin giram 50 a yini, gara ma ya tsaya a 25, kuma wannan ga mai lafiya ne. Lemon molt, da zoɓo da kunun aya da aka cika wa suga, da shayi mai madarar gwangwani mai zaƙi, duk layi ɗaya suke. Karrama baƙo wajibi ne, amma ba dole sai ka taya shi sha ba. Ka gaya wa yaron shagonka cewa daga yau idan an kawo wa baƙo lemo, kai ruwa za a kawo maka, ta yadda ba sai ka sake yanke wannan shawara sau uku a yini ba. Idan kuna cin abinci a faranti ɗaya da maƙwabtan shago, ka ɗebi naka a ƙaramin kwano, domin a taron hannuwa babu mai sanin iyakar abin da ya ci. Ka sami awon tela ka riƙa auna cikinka daidai cibiya sau ɗaya a wata. A wurin namiji haɗari yana farawa daga santimita 94, yana tsananta daga 102, kuma kitsen tumbi shi ne ya fi alaƙa da suga.

TAMBAYA, daga wata matashiya a Zariya: Likita, shekarata 26. Kafin aurena ni siririya ce, ƙawaye suka ba ni maganin da ake kira sha-ka-fashe don in ciko. Na shekara biyu ina sha, har yanzu ban daina gaba ɗaya ba, domin idan na bari sai jikina ya mutu. Yanzu nauyina kilo 96, fuskata ta kumbura, nankarwa ta fito min a ciki da cinya, al'adata ta rikice, ban kuma samu ciki ba. Maigidana kullum cikin gori yake, yana cewa hakan ne zai sa in yi zuciya. Na fara sayen shayin rage ƙiba a intanet. Shin zai yi min aiki?

AMSA: 'Yata, saƙonki ya fi sauran gaggawa, don haka ki karanta da kyau. Abin da ake sayarwa da wannan suna galibi haɗi ne na deksametazon, wanda magani ne mai ƙarfi na dangin sitiroyid, da sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da mura da ke buɗe ciki. Kumburin fuska, taruwar kitse a ciki da bayan wuya, nankarwa mai faɗi da rikicewar al'ada duk sanannun illolin deksametazon ne, kuma yana haddasa hawan jini, ciwon suga, raunin ƙashi da saurin kamuwa da cututtuka. Mutuwar jikin da kike ji idan kin bari ita ma tana da dalili. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki irin wannan sinadari, kuma idan aka daɗe ana shan na waje sai ta daina aikinta. Idan aka yanke maganin rana ɗaya kafin ta farfaɗo, mutum na iya kamuwa da amai, jiri da faɗuwar jini, har ta kai ga rasa rai. Saboda haka kada ki ci gaba da sha yadda kika ga dama, kada kuma ki yanke shi da kanki. Ki ɗauki kwalin ko ƙwayoyin ki kai wa likita a cikin makon nan, ki faɗa masa gaskiyar tsawon lokacin da kika yi kina sha ba tare da jin kunya ba, shi zai tsara miki yadda za a riƙa rage shi sannu a hankali. Wani ɓangare na wannan ƙiba zai sauka da kansa bayan an raba ki da maganin.

Shayin kuwa ki ajiye shi. Yawancin irinsa ganyen filasko ne a ciki, wanda kakanninmu suka sani a matsayin maganin wankin ciki. Zawo yake sa wa, abin da ke raguwa a kan sikeli ruwan jiki ne, kitsen yana nan inda yake, kuma yawan shan sa yana zubar da gishirin fotasiyam da zuciya ke buƙata. An kuma sha kama wasu kayan rage ƙiba da aka ɓoye sibutiramin a cikinsu, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Game da haihuwa, a duba ki a ga ko maganin ne kaɗai ya rikita al'adar ko akwai matsalar ƙwayayen mahaifa da ke tafiya da ƙiba, domin a mata da yawa rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi yana dawo da al'ada kan tsari.

Ina da magana da maigidanki, kuma ina roƙon ki nuna masa. Malam, gori ba ya ramar da kowa. Abin da bincike ya nuna, kuma muke gani a asibiti, shi ne wanda ake muzantawa saboda ƙiba yakan ƙara cin abinci don huce takaici, ya guji fita motsa jiki don kada a gan shi, har asibitin ma ya ƙaurace masa. Matarka ba ta da lafiya, kuma ta sha wannan magani ne tun farko don ta yi kyau a idonka. Ka raka ta asibiti, ka ci irin abincin da za ta koma ci, ka fita tattaki da ita bayan isha'i.

TAMBAYA, daga wata baiwar Allah a Gusau: Likita, shekarata 45. Mijina ya rasu shekara biyu da suka wuce, kuma tun da na fita takaba na ƙara kilo 20. Da rana ba na cin komai sosai, amma cikin dare sai in farka in ci duk abin da na samu har cikina ya ɗaure, sannan in zauna ina kuka. Ba ni da sha'awar komai, balle rage ƙiba.

AMSA: Hajiya, Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba ki haƙurin rashinsa. A yadda kika bayyana, ƙibar reshe ce, tushen yana cikin zuciya, kuma daga can ya kamata a fara. Idan mutum ya yi mako biyu ko fiye yana cikin baƙin ciki kusan kullum, ya daina jin daɗin abin da yake so a da, barcinsa da cin abincinsa suka rikice, to muna zargin ciwon damuwa. Cin abinci mai yawa a lokaci ɗaya tare da jin an kasa tsayawa, sannan nadama ta biyo baya, idan yana faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, shi ma lalura ce mai zaman kanta. Dukansu ana maganinsu, ta hanyar zama da masanin halayyar ɗan Adam, ko da magani, ko duka biyun. Ba raunin imani ba ne, kuma zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin hauka. Ki gaya masa damuwarki game da nauyi, domin wasu magungunan, irin su amitiriftilin, suna ƙara ƙiba, kuma akwai waɗanda ba sa yin haka. Idan har tunanin cewa gara mutuwa yana zuwa miki, kada ki jira, ki faɗa wa wani na kusa da ke ku tafi asibiti a ranar.

Kafin nan, ki daina wuni da yunwa, domin yunwar rana ce ke haɗuwa da kaɗaicin dare su yi miki taron dangi. Ki ci sau uku a kan lokaci ko da ba kya marmari. Rashin barci shi ma yana da hannu. A wani gwaji da aka yi a Shikago a 2004, samarin da aka bari suka yi barcin awa huɗu kacal na dare biyu sinadarin yunwarsu ya ƙaru da kashi 28 cikin 100, kuma zaƙi da abinci mai nauyi suka fi marmari. Kada ki kwana da dafaffen abinci a ɗakinki, kuma idan da hali ki samu 'ya ko 'yar'uwa ta riƙa kwana tare da ke. Maganar sikeli a bar ta sai kin samu sauƙi.

TAMBAYA, daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Likita, na sauko daga kilo 109 zuwa 98 cikin wata biyar, amma mako shida ke nan sikeli bai motsa ba. Na fara karaya. Ko in koma yin azumi kullum?

AMSA: Malam, ka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinka, kuma ka riƙe shi mako shida, wannan kuwa aiki ne babba. Tsayawar da ka gani takan zo wa kusan kowa wajen wata na shida, saboda jikin da ya ragu ba ya ƙona abin da yake ƙonawa a da, sannan loma takan ƙaru kaɗan-kaɗan ba tare da mai ita ya sani ba. Ka rubuta duk abin da ya shiga bakinka na kwana bakwai, har da gyaɗa da fura da shayin dare, za ka ga inda ƙarin ya shigo. Ka ƙara motsa jikin da ke gina tsoka sau biyu a mako. Azumin Litinin da Alhamis ibada ce mai lada, kuma yana iya taimakawa idan lafiyarka ta ba da dama, amma ramar da yake kawowa ta dogara ne da abin da aka ci bayan an sha ruwa. A Ramadan ma abin da mutane ke ragewa a tsaka-tsaki bai fi kilo ɗaya da ɗoriya ba, kuma yakan dawo bayan salla da 'yan makonni. A Amurka akwai wata rajista da aka buɗe a 1994 ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi suka kuma riƙe hakan shekara guda ko fiye, kuma abin da aka fi samu a tare da su shi ne hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako da motsa jiki na kusan awa guda a yini, galibi tafiyar ƙafa.

TAMBAYA, daga wani magidanci a Kaduna: Likita, shekarata 41, tsawona mita 1.75, nauyina kilo 158. Mahaifina da 'yan'uwansa duk masu jiki ne. Gwiwoyina ba sa barin in yi tafiya, ina minshari sosai, kuma barci na sace ni da rana, har a kan tuƙi. Na ji labarin allurar rage ƙiba da kuma tiyata, amma yayana ya ce wannan hanyar ragwaye ce. Shin haka ne?

AMSA: Malam, ba haka ba ne. Ma'aunin ƙibarka ya haura 51, kuma a wannan mataki gyaran abinci da motsa jiki kaɗai ba kasafai suke sauke nauyin da ake buƙata su kuma riƙe shi ba, komai ƙoƙarin mutum. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado yana da kaso mai yawa a bambancin nauyin mutane, tsakanin kashi 40 zuwa 70 cikin 100, kuma tarihin gidanku ya nuna hakan. Ba ma ce wa mai hawan jini rago don ya sha magani, haka nan mai ƙiba irin taka.

Allurar da ka ji ana magana ita ce semagulutayid, wadda ake sayarwa da sunan Wegovy don ƙiba da Ozempic don ciwon suga. Ana yin ta sau ɗaya a mako, kuma aikinta shi ne rage yunwa da sa mutum ya ƙoshi da wuri. A gwajin da aka wallafa a 2021 a kan mutum kusan 2,000, masu karɓar ta sun rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68, waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki kuwa ba su kai kashi 3 ba. Sai dai waɗanda aka bi bayan sun daina, kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage ya dawo cikin shekara guda, don haka magani ne na dogon lokaci, ga tsada, ga tashin zuciya da amai ko zawo da takan sa musamman da farko. Akwai kuma jabunta, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kan haka a watan Yunin 2024, saboda haka ba abin saye ba ne a hannun 'yan talla na intanet. Tiyata kuwa, wadda ake rage girman tumbin abinci ko a karkatar da hanyarsa, ita ce ta fi sauke nauyi mai yawa ya kuma daɗe, kimanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100, kuma ka cika sharaɗin a duba ka dominta. Tana da haɗarinta kamar kowace babbar tiyata, kuma wanda aka yi wa zai riƙa shan ƙarin sinadarai irin su bitamin B12 da maganin ƙarin jini tsawon rayuwarsa, ya kuma koyi cin abinci kaɗan-kaɗan. Duk wadda aka zaɓa maka, gyaran abincin yana nan bai faɗi ba, sai dai yunwar da kake kokawa da ita za ta ragu.

Gwiwoyinka za su fara jin sauƙi tun kafin ka yi nisa, domin kowane kilo ɗaya da ya sauka yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Ka fara da tafiyar minti biyar sau uku a yini a wuri mai laushi, da ɗaga ƙafafu da hannuwa kana zaune a kujera, ka riƙa ƙara minti ɗaya ko biyu duk mako. Amma abin da ya fi tayar min da hankali a saƙonka shi ne barcin nan na kan tuƙi. Minshari mai ƙarfi tare da gyangyaɗin rana alama ce ta ɗaukewar numfashi a cikin barci, inda maƙogwaro ke toshewa sau da yawa a dare ɗaya, kuma wannan yana hawar da jini, yana gajiyar da zuciya, yana ƙara yunwa. Ana gano shi da gwajin barci, ana kuma maganinsa da wata na'ura mai hura iska ta hanci da ake kwana da ita. Ka nemi a tura ka asibitin koyarwa, ka tafi da uwargidanka domin ita ce za ta faɗi ko numfashinka na tsayawa cikin dare, kuma ka bar tuƙi, musamman na doguwar hanya, har sai an duba ka.